Awa Ɗaya a Mako

…kuma warin man gas ne ya riga fuskarsa isowa gare ta. Rigachikun, gindin ƙarfen sabis, inda inji ba ya mutuwa, inda unguwa ke kai waya caji idan an kwana uku babu wuta. Tana zaune a kan bulo da littafinta marar bango, shi yana ɗura wa inji mai, bai ko juyo ba ya ce idan ta kai ƙarshe ta gaya masa ko masoyan cikin labarin sun yi aure. Littafin ba shi da ƙarshe, an yage an ƙunshe ƙosai. Zaharaddeen ya yi dariya, ya ce to ta ƙago nata —

"Mardiyya, ƙara wa Hajiya shayi."

Fulas. Kofi. Ta zuba. Ɗakin taron dillalan hannun jari, sanyi kamar cikin randa. Shekara biyu tana zuba musu shayi, tana kwashe takardun da suka bari ta karanta a kicin, harafi bayan harafi, yadda ta koya wa kanta komai. Har ta san koren layi hawa yake, ja kuma gangara.

Yau kore ne. Alhaji Lawal, mai ofishin, yana nuna shi da sanda a jikin majigi. Wai kamfanin sadarwar nan zai tashi, tun da ya kwashe injinan gas daga ƙarafansa ya kafa sola: kuɗin mai ya ragu, kuɗin ma'aikata ya ragu. Kuɗin ma'aikata… Ashe haka sunan Zaharaddeen yake a nan. Wata bakwai ke nan da aka zo da faifan sola a mota, aka karɓi makullin hannunsa, har ya taya su saukewa. Wawa. A'a, ba wawa ba — kirki ne ya yi masa yawa. Koren layin nan, kan wa ya taka ya hau?

Hajiya Larai tana juya cokali, tana tambaya: in matasa ba su da aiki, wa zai sayi data? Alhaji yana cewa ai babu mai shan data kamar marar aiki. Kuma ma ƙididdiga ta nuna rashin aikin yi ya ragu, don a sabon lissafi duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako, mai aiki ne. Dariya. Cokula suna ƙara.

Awa ɗaya? To ai yana da aiki. Talatar nan ya gyara injin markaɗen maƙwabta, awa ɗaya har da 'yan mintuna, aka sallame shi da kunu da godiya. Wani ya je ya gaya masa. A gaya wa jakar da ya ɗaure. A gaya wa motar da za ta tashi daga tashar Kawo bayan La'asar, zuwa Agadas, daga can sai hamada, ramukan zinare inda ba a jin kira…

Saƙon muryarsa na safe yana cikin aljihun hijabinta, yana ɗumi kamar ƙwai. Sau huɗu ta saurara. Kada ki jira ni, Mardiyya, ban san ranar dawowa ba, na yafe miki alkawari. Ya yafe? Wa ya roƙe shi? Ba ta amsa ba. In ta yi shiru har motar ta tashi, shirun ya zama amsa, zai tafi da shi a aljihu.

Sun koma kan makamashi. Kamfanonin sola, in ji Alhaji, nan gaba take. Kamfanonin fasaha kuma sai mai haƙuri. Rana… Da ana sayar da hannun jarin rana da ta sayi ƙwaya ɗaya, ta samu bakin magana a taronta, ta ce ke rana, kin ci aikinsa a Rigachikun, to ki sassauta masa a hamada. Tana ganinsa yana tafe a kan yashi, farar rigarsa mai tabon mai, inuwarsa ƙarama, littafin nan a hammata, shafukan da suka ɓace suna binsa kamar balbela —

Shayi ya kusa tumbatsa. Ta tsayar.

Hajiya tana cewa ita ba ta sayarwa ranar da kasuwa ta faɗi, ko za a ce mata mahaukaciya. Su suna da abin da za su ci kafin ta tashi. Ita fa? Shekara ashirin da huɗu, da Inna mai duban ƙofa duk sanda wani ya yi sallama. Jiran shekara biyu? Biyar? In ya dawo wani mutum daban? In bai…

Kiran sallar La'asar. Daga masallacin tsallaken titi. Har yaushe?

Kicin. Ta jingina da firji, faranti na hannun hagu. Ta kira shi: wayarsa a kashe. Ya kashe don kada ta kira, ko don kada ya ji ba ta kira ba? Babban yatsa a kan alamar saƙon murya. Ta danna. Gajiya tun daga tafin ƙafa.

"Zaharaddeen, ni ce. Kai ka ce in ƙago ƙarshen, to na ƙago. Zan jira ka. Ba shawara nake nema ba."

Yatsan yana nan a danne, sai ta ɗaga saƙon zai tafi. Ba ta ɗaga ba tukuna.