Jikan Uwar Ƙungiya

Ƙungiyarmu ta mata doka ɗaya gare ta, kuma Uwar Ƙungiya ce ta kafa ta a ɗakin bayan shagon ɗinkinta, inda muke zama cikin ƙyallaye da zare. Duk gidan da aka haihu, mata biyu za su je su kwance jariri, su taɓa ƙirji da tafin ƙafa, su duba cibi, su tsaya har ya kama nono. Kuma ba mai duba nata. "Na san halinmu," in ji ta, "in naki ne, abin da kike so shi za ki gani."

Sai ga 'yarta ta haifi namiji. Layi ya faɗo kan mai kitso da matar direba. Da suka zo, Uwar Ƙungiya ta tashi ta ba su ɗaki, don kada a ce ta sa baki. Su kuwa, haba, jikan wadda ta koya musu aikin? Suka ji nauyi. Suka leƙa fuska cikin tawul, suka yi barka, suka tsokani mai jego wai ta haifo musu miji malalaci mai son barci. Suka fito suna dariya.

Uwar Ƙungiya ta ji dariyar daga kicin, hankalinta ya kwanta. Duk sanda hannunta ya nufi tawul ɗin, sai ta tuna dokarta ta janye. Mai jego, haihuwar fari, ta ce, "Mama, ba ya tsotsa sosai." Ta ce, "An duba shi, 'yar nan. Ki kwantar da ranki."

Ni na raka su asibiti ranar da jikinsa ya saki. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe tawul, warin cibin ya bugi kowa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, don abu ne da ko sabuwar shiga cikinmu za ta gane. Ba a kai la'asar ba, jaririn ya cika.

A barandar asibitin Uwar Ƙungiya ta kama hannun mai kitso, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ƙanwata, da kuka kwance shi, me kuka gani?"

Mai kitso ta durƙushe a kan siminti.

"Yaya, ba mu kwance ba. Mun ɗauka ke kin duba."