Kazar Gwaggo Tata da Ƙusar Bindiga

Duk Juma'a da hantsi Ajidan Munkaila yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa, ya kwance ƙaramar bindigarsa gaɓa-gaɓa a kan farin ƙyalle, yana shafa mata mai kamar mai jego da jinjiri. Ya daɗe da ajiye kakin jandarma, inda ya samo muƙamin ajidan, amma bindigar tasa ce, da takardarta, kuma duk garin Matameye ba wanda ya taɓa jin ƙararta. Gwaggo Tata, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ba ruwanta da wannan aikin banza, sai ranar da ya taɓo ta.

Kaza guda gare ta, wake-wake, tana kwanci. Ƙwan zabi goma sha biyar ta sa mata, don zabuwa ba ta iya uwa ba. Kwana ashirin da uku ke nan, saura huɗu ko biyar su ƙyanƙyashe. Wata Juma'a kazar ta tashi neman abin tsinta, ta bi rariya ta shiga gidan Ajidan, ta ga wata 'yar ƙusa a kan ƙyalle, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ta haɗiye. Shi kuwa namijin duniya bai tambayi mai ita ba, ya danne kazar, ya sa wuƙa, ya farke ciki ya ciro ƙusarsa. Don rainin wayo kuma ya aiko matarsa Najaha da naman a kwano, wai Gwaggo ta yi haƙuri.

Tata ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ta kwashe ƙwan a ƙwarya, ta lulluɓe da tsumma, ta ɗaure a cikinta da zani kada su yi sanyi, ta nufi zauren mai unguwa tana tafiya a hankali, bakinta kuwa yana gudu.

Mai unguwa Malam Zakariya yana zaune da abokinsa Alhaji Mahamadu, tsohon ɗan duwan, wato kwastan. Da mai unguwa ya gan ta sai ya ce, "Gwaggo, lafiya? Ciki a wannan shekarun?"

"Cikin Munkaila ne, ranka ya daɗe, shi ya ɗora mini. A kira shi."

Aka kira Ajidan. Ya zo da ƙusar a nannaɗe cikin takarda, ya buɗe a gaban mai unguwa kamar zinariya.

"Ranka ya daɗe, ba don wannan ba da bindiga ta zama guduma. Dole ce ta sa ni. Zan ba Gwaggo kaza biyu."

"Kaza biyu su yi mini me?" in ji Tata. "Su zauna a kan ƙwai don sun ga girmanka? Mai kwanci nake so, yau, kafin waɗannan su mutu."

Alhaji Mahamadu ya ɗauki ƙusar yana juyawa, ya yi dariya. "Wai Ajidan har yanzu kana nan da wannan gyatumar? Ka nemi ta zamani mana, irin tawa. Jikin roba, ba nauyi, harsashi goma sha bakwai."

"Roba!" Ajidan ya gyara zama. "Ni in riƙe bokiti a hannu? Wannan ƙarfe ce zalla, ƙirar ƙasar Beljik, ta girmi mulkin kai. Ka ja sau ɗaya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko wani da kanta, har goma sha uku. Irinta na riƙe a Bilma, rairayi har cikin haƙorana, ita kuwa ka busa ka goge, shi ke nan. Mariƙinta kamar an auna tafina. Ido rufe nake kwance ta in mayar."

"Tana da nauyi."

"Nauyin ne ke hana ta tsalle, Alhaji. Taka in ta yi tari sai hannunka ya gaida sama."

Mai unguwa ma ya miƙa wuya yana tambaya ko gaskiya ne tana cizon fatar hannu. Maza uku, masu furfura, suka manta da tsohuwa da ƙwaryarta. Tata ta zura hannu cikin tsumma ta taɓa ƙwai. Da sauran ɗumi, amma ba kamar ɗazu ba. Ta ciji leɓe ta saurara, don mai ƙara da kunne yake cin shari'a.

"To in ta lalace fa?" in ji Alhaji Mahamadu. "Tsohuwar ƙira, ina za ka samu kayanta?"

Ajidan ya tafa hannu. "Nan ka faɗi! Ai shi ya sa masu ita ba sa rabuwa da ita. Ƙirar ba ta sauya ba, kayan waccan yana shiga wannan. Ba tsohon sojan da ba shi da tarkacenta. Ni kaina irin ƙusar nan uku gare ni a gwangwanin madara."

Tata ta miƙe tsaye, hannu ɗaya tallafe da ƙwarya.

"Nawa ka ce, Munkaila?"

Ajidan ya kau da kai.

"Ni dai ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san uku. Uku a gwangwani, ka yanka mini kaza a kan ta huɗu? Kai da na sani tun ba ka da wando! Ina dolen da ta sa ka?"

"Gwaggo, ai wannan ita ce ta asali…"

"Kazata ma ta asali ce!"

Alhaji Mahamadu ya kifa kai yana dariya har hularsa ta faɗi. Mai unguwa ya goge ido, ya tambayi Ajidan ko akwai mai kwanci a gidansa. Ajidan ya yi ƙasa da murya ya ce akwai ta Najaha, jiya ta zauna. Kaza mai kwanci in an ɗauke ta daga gurbinta sai ta yi fushi ta ƙi zama, don haka aka yanke cewa ƙwan ne za su je wurinta. A kwashe na Najaha a dafa, a zuba na Tata, yanzu, kafin kiran sallar Juma'a.

"Kuma bindiga ba ta fitowa tsakar gida sai sun fashe," in ji Tata.

Haka aka yi. Kwana biyar Tata na shiga gidan Ajidan safe da yamma ba sallama, ta ɗaga kazar ta ƙirga, ta harare shi ta fita. Ran Laraba da safe ta ji tsiyau-tsiyau tun daga ƙofa. Goma sha biyu suka fito, ƙafafu jajaye, suna gudu kamar an kore su. Uku sun yi bara-gurbi.

Ajidan ya tsaya a kansu yana washe baki. "Gwaggo, kin ga? Sha biyu!"

"Na ga uku da ka kashe," in ji ta. Ta miƙa masa kwando. "Ɗauko su da uwar riƙonsu, ka biyo ni. A hankali, ba fareti ba ne."