Fijon Baba Andrawus

Shekara ashirin Mijinyawa ya yi yana kallon motar nan daga bakin shagonsa na ɗinki a Ƙofar Wambai. Fijo ce 504, fara sol, irin wadda yanzu sai dai ka gani a tsofaffin hotunan biki. Duk Asabar Baba Andrawus, tsohon malamin asibiti, yakan biyo da ita zuwa kasuwar Wunti, a hankali kai ka ce ƙwai ya ɗauko. Da Baba ya rasu, sai labari ya zo cewa matarsa, Mama Liatu, za ta sayar da motar ta koma wurin 'yarta a Jos. Tun ranar Mijinyawa bai ƙara ɗinka wuyan riga daidai ba.

Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne wani mai kuɗi da aka ce zai zo daga Abuja gobe ya saye ta. In ba a sallama wa Mijinyawa yau ba, shi ke nan. Don haka ya ɗauki amininsa Sabitu, dillalin motoci, mutumin da ko jariri ka nuna masa sai ya samo masa furfura.

A hanyar Tirwun, inda gidan yake, Sabitu ya ja masa kunne. "Kada ka kuskura ka nuna kana so. Ni zan kushe, kai dai ka riƙa bin bayana."

Bayan an gaisa an yi ta'aziyya, Mama Liatu ta yaye tamfol ɗin da ke rufe da motar da hannunta. Mijinyawa ya leƙa ciki. Kujeru na nan da rigunansu na saƙa, jiki ko ƙwarzane babu. Ya cusa hannuwansa a aljihu don kada ya shafa motar.

Sabitu ya kama aikinsa. Ya shuri taya, ya yi tsaki. Ya ɗaga murfin inji, ya girgiza kai kamar wanda ya ga abin tausayi.

"Mama, ai wannan gawa ce," in ji shi. "Inji ya gaji, kayan gyaranta ma an daina kawowa. In ba 'yan gwangwan ba, wa zai kalle ta? Ko ba haka ba, Mijinyawa?"

Mijinyawa ya kalli motar. Ya tuna mutumin Abuja, ya tuna ɗan abin da ke hannunsa. Ya ce, "Haka ne."

A kasuwa dai haka ake yi: mai saye ya kushe, mai kaya ya yaba, a haɗu a tsakiya. Amma Mama Liatu ba ta yaba ba. Da Sabitu ya taya, ko albarka ba ta ce ba. Ta kama bakin tamfol ta fara rufe motar.

Tsoro ya kama Mijinyawa sosai. "Mama, don Allah ki tsaya. Ƙarya muke yi." Sabitu ya taka masa ƙafa, bai kula ba. "Wallahi ban taɓa ganin mota kamarta ba. Duk abin da na zo da shi zan bayar."

Ta dube shi, idonta ya yi ja.

"Ai na san ka, ɗana. Baba yakan ce akwai wani tela da ke barin keke ya fito in mun zo wucewa. Da na gan ka a bakin ƙofa, na ce Allah ya kawo wanda zai riƙe ta. Ko rabin kuɗin na Abuja ka ba ni, da na sallama." Ta sunkuya ta ɗaure igiyar tamfol. "Amma wata uku da binne mai ita, a gabana aka kira ta gawa, ka ce haka ne."

Sabitu ya matso ya raɗa masa, "Rabu da ita, salon ciniki ne. Mu juya, za ta kira mu."

Suka juya. Mijinyawa ya riƙa jan ƙafa, kunnensa duk yana baya, har suka kai bakin titi. Ba ta kira ba.