Mutum Arba'in a Gurbin Ashirin

Tun da hantsi Hanifa ta ga alamar lissafinta ya ɓaci. Ta leƙa ta tagar ofis ta ƙirga masu zama a rumfar asibitin: talatin da shida, ga wasu na shigowa.

Ita ke rubuta randebu, ranar da aka yanka wa kowa. Likitan ido daga Dosso yake zuwa Dogon Dutsi, kuma mutum ashirin kacal yake cire wa yanar ido. Zuwansa na baya tara suka zo. Ya ce in aka sake barinsa yana hamma, shi da garin nan sai a labari.

Sai Hanifa ta yi dabara. Ta san mutanenta: da ruwan shuka ya sauka, ko uban wa ya kira su, gona za su. Ta rubuta arba'in, a zuwan rabi za su zo. Ai kuwa ruwa ya ƙi! Kwana goma sha biyu ko ɗigo. Ba shuka, ba abin da zai riƙe kowa a gida.

Tana raba lambar layi, tana satar kallon ƙofa. Baba Jibo na Lugu take jira. Tsohon bai taɓa saɓa rana ba. Sau uku yana zuwa awo, ita kuma da bakinta ta ce masa yau za a buɗe masa ido. Ta so ɓoye masa lamba, amma jama'a sun tsare ta da ido, kowa da katinsa a hannu.

Sai bayan azahar ya iso, ɗiyarsa Lantana na jan sandarsa. Motarsu ce ta mutu a Matankari.

Hanifa ta shiga ta roƙi likita. Ya nuna mata kwalin kayan aiki, wayam. Sai bayan kaka zai dawo.

Ta fito ta durƙusa gaban tsohon, kunya kamar ta nutse.

"Baba, gurbi ya cika."

"Ba yau kinka ce ba, ɗiyata?"

"Yau ne. Ni na rubuta mutane da yawa. Na zaci ba za su zo ba."

Ya shafa katinsa. Sannan ya miƙa mata.

"To, rubuta min wata ranar. Gonar bana kam sai dai su Lantana su ba ni labarinta."