Ɗiyar Mai Hoto

A asibitin yara, nas ta sake kaɗa makullai a bayan kunnen yarinyar. Yarinyar ta juyo, ta dubi makullan, ta mai da ido kan bango. Watanta goma sha huɗu, ba ta gwaranci, ba ta miƙa hannu a ɗauke ta.

Kunne dai lafiya lau, in ji nas. Sai ta tambayi wa ke yini da ita. Uwar ta ce ita koyarwa take yi tun safe har yamma, don haka a shagon babanta yarinyar ke yini. Mai hoto ne, kuma duk layinsu babu wanda ya kai shi iya sa jariri dariya. Ko sarkin kuka aka kawo, sai ya ga dasashinsa kafin ya danna kyamara.

Nas ta juya ga uban da ke zaune a kan benci. "To Malam, yi mata wasa mu gani, yadda kuke yi a shago."

Ya durƙusa, ya kaɗa yatsu, ya yi ɗan fiton da yake yi wa 'ya'yan mutane. Yarinyar ta dube shi yadda ake duban kujera. Hannun ya yi masa nauyi, ya sauke.

A shago ba haka suke yi ba. Yakan ajiye ta a tabarma bayan labulen da aka zana wa teku, shi kuma ya zauna gaban kwamfutar da bai kunna ba. Abincinta a kan kari, wankinta tsaf. Maganar ce ba ta fitowa. Tun makon haihuwarta wani abu ya danne masa ƙirji, kuma wa zai faɗa wa? Cewa za a yi, an yi maka haihuwa, me kuma kake nema?

Nas ta tambaye shi barcinsa da cin abincinsa. Matar ta riga shi amsawa, tana 'yar dariya, wai maigidan ya zama miskili ne kawai.

"Na manta ranar da na kira sunan yarinyar nan," ya ce, kansa a ƙasa.

Dariyar ta tsaya. Nas ta jawo sabon kati, ta tambayi shekaru. Ya ce ai yarinyar tana da kati.

"Ba nata ba ne, Malam."

Ya dubi ƙofa. A waje ana kiran mai bi musu a layi. Ya gyara zama a kan bencin.

"Talatin da huɗu."