Muryar Abarci Mai Rijiya

Duk wanda ya san Sharfaddeen, teknisiyen ɗin ƙaramin gidan radiyon nan na Dakoro, ya san mutum ne mai son tsari har ya yi yawa. Kai, ko wayar caji sai ya naɗe ta kamar rawani. A hannunsa aka bar tsofaffin hirarrakin gidan, fishiye, wato fayil, sama da ɗari huɗu, muryoyin manoma da makiyaya waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Kowace Litinin da hantsi yakan buɗe baƙin allon nan na ordinater, wato kwamfuta, ya tada wani ɗan jerin umarni da ya rubuta da kansa. Abin sai ya bi fishiye ɗaya bayan ɗaya yana fitar wa kowane zanen yatsansa, wato wata doguwar igiyar lambobi da haruffa. In fishiye ya taɓu ko da ƙwayar gero ce, igiyar nan za ta sauya gaba ɗaya. Sharfaddeen ya ɓata kwanaki yana gyara yadda sakamakon zai fito: suna a hagu, nauyi a tsakiya, zanen yatsa a dama, layi ya miƙe sambal. Daga nan ya tura shi cikin wata takarda a ordinater ya adana, ya kwafe babban diski zuwa na ajiya, ya tafi shan shayi yana jin ba wanda ya kai shi.

Cikin hirarrakin akwai ta Abarci, tsohon mai haƙar rijiya daga wani ƙauye a ƙasar Kornaka. Minti hamsin da biyu ya yi yana ba da labarin rijiyoyin da ya haƙa har arewacin Dakoro. Bayan wata uku ya rasu. Da Sharfaddeen ya je gaisuwa, matarsa Uwale ta aiko daga cikin ɗaki a tambaye shi ko muryar Malam na nan. Ya ce tana nan, a hannun amana. Ta ce a gaya masa in ta fita takaba za ta zo da ƙafarta ta ji.

Wata huɗu da kwana goma. Litinin goma sha takwas ke nan, ko sha tara.

Ranar da aka ce masa gobe tana tafe, ya buɗe hirar don ya tanada ta. Abarci ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya ce, "To, ni dai tun ina ɗan..." Shi ke nan. Sai shuuu, kamar iska a cikin kara. Sharfaddeen ya ja gaba, shuuu. Ya ja ƙarshe, duk ɗaya. Ya ce ba komai, ai akwai na ajiya. Ya jona shi, ya tarar da ɓarnar nan dai, tiryan-tiryan.

Nan ya buɗe takardar zanen yatsu yana neman makon da abin ya faru, sai ya ga jeri ɗaya tak, na Litinin ɗin da ta wuce. Ashe tun farko da suna ɗaya yake adanawa, sabo na hawa kan tsoho yana shafe shi. Bai taɓa ajiye na jiya ba, balle ya gwada shi da na yau. Wata rana kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakar aiki ko zafi ya taɓa diskin, Allah masani, fishiyen ya lalace, zanen yatsansa ya sauya a gaban idonsa, shi kuwa yana can yana duba ko layi ya karkace. Sannan da hannunsa ya ɗauki ɓatacce ya danne mai kyau a diskin ajiya. Ba wanda ya yi masa wannan aika-aika, shi ya yi wa kansa, kuma ya san haka.

Washegari Uwale ta iso a motar kasuwa, sanye da sabon zane, da ƙullin gujiya da ta kawo masa tsaraba. Kunya ta hana shi miƙa hannu. Ya durƙusa ya yi mata bayani, yana ta kame-kame da diski da kuran, har ya gaji ya faɗi gaskiya: sakacinsa ne. Ta dai ce ya sa mata abin da ya rage.

Ya sa. Gyaran murya, sallama, rabin magana. Uwale ta amsa sallamar a hankali, kamar Malam yana bakin ƙofa. Ta ce ya ƙara. Sau biyar yana maimaitawa, tana amsawa. Ta ce haka Malam yake gyaran murya in zai yi dogon zance, shekara arba'in da ɗaya tana yi masa tsiya a kai.

Can ta gyara mayafinta ta dube shi.

"Ɗana, kai kana wurin da ya yi maganar nan, ko?"

"Ina wurin, Inna. Ni na ɗauka."

"Ya ce mini ya ambace ni a ciki. Na ce me ka ce, ya ƙi faɗa, wai sai dai in ji a radiyo. Ranar da kuka sa kuwa ina gidan haihuwa a Mai Yara."

Gaskiya ne, ya ambace ta. Sharfaddeen ya tuna tsohon ya yi dariya wajen, ya tuna akwai maganar igiya da bakin rijiya. Amma a lokacin idonsa na kan allurar sauti, yana tsoron kada ta haura jan layi. Ya matsa ƙwaƙwalwarsa har gumi ya keto masa. Ya so ya ƙaga mata wata magana mai daɗi, bakinsa ya ƙi.

"Ya ambace ki, Inna."

"To, me ya ce?"

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai. Uwale ta jira, ta jira. Daga baya ta tura ƙullin gujiyar gabansa, ta ce ya ƙara sa mata sallamar sau ɗaya, kada motar Kornaka ta tafi ta bar ta.