Layin da Yaya Ya Bari

Ƙarfe goma na safe, hadari ya haɗu tun asuba amma ya ƙi zubar da ruwa. A ofishin da ake gwajin manhaja an kunna fitilu, fanka tana juyawa a kasalance. Dogo na zaune ya zuba wa kwamfuta ido, kujerar da ke gefensa babu kowa.

Kujerar yayansa ce. Shi ya kawo shi aikin, shi ya koya masa, sannan zazzaɓi ya ɗauke shi kafin damina. Abin da ya bari 'yan umarni ne da ya rubuta a cikin manhajar rubutu: ka danna maɓalli ɗaya, su buɗe fayilolin gwaji, su cike bayanai, su gwada komai da kansu. Aikin wuni guda ya koma na ɗan lokaci.

Sai dai a tsakiya Yaya ya sa tsaiko. Komai zai tsaya cak, allo ya rubuto: "Miƙe bayanka, Dogo, kada ka zama baka." Sai an jira kafin gwaji ya ci gaba. Da yana raye, a nan yake jingina da kujera ya yi dariya. Yanzu ma idan rubutun ya fito, Dogo yakan ji kamar kujerar ta yi ƙara. Ba ya waiwayawa.

Manaja ya leƙo. "Dogo, gwajin nan sau nawa muke yinsa a rana? Kowane karo sai ya tsaya gaisuwa? Masu kaya suna jira. Cire layin nan kafin azahar, in ba haka ba in ba wani teburin."

"To, ranka ya daɗe."

Ya buɗe fayil ɗin, ya gangara har ya iske layin. Ga shi nan, har da kuskuren harafi irin na Yaya. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, yatsan ya ƙi motsi. Ya sake gudanar da gwajin, wai don ya tabbatar. Allo ya tsaya, ya yi masa magana. Ya sake.

Anti, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin, ta sauke tabarau. "Kai, yau kwamfutar ce ke gwada ka?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Anti, in na goge, wa zai ƙara kirana haka?"

"Mu nan bebaye ne? Allah Ya jiƙansa, ai da yana nan shi zai fara zaginka a kan jinkiri."

Iska ta buga taga, aka fara yayyafi.

Anti ta tashi a hankali, tana dafa gwiwa. Ta tsaya a bayansa, ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa, ta goge layin, ta adana fayil ɗin. Ta koma teburinta ta mai da tabarau, shi kuwa bai ɗago kai ba.